Yadda matuƙin jirgin sama zai adana rajistar tashinsa a waya ko kwamfuta

1. Zaɓi manhaja kamar LogTen ko ForeFlight. Fara da shigar da jimillar awoyin da ke tsohon littafinka, sannan ka ɗauki hoton kowane shafi mai sa hannun malami. Littafin kuwa kada ka yar da shi.

2. Da ka kashe inji, rubuta kwanan wata, samfurin jirgi, lambarsa, da filin tashi da na sauka, misali DNKN zuwa DNAA, wato Kano zuwa Abuja.

3. Wajen rubuta lokaci ne aka fi yin kuskure. Yi amfani da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, wanda ke bayan na Najeriya da awa 1. Ana ƙirgawa daga lokacin da jirgi ya motsa don tashi har ya tsaya cak. Idan manhajar tana lissafi da ɗigo, minti 6 shi ne 0.1, saboda haka awa ɗaya da rabi 1.5 ce. Wanda ya rubuta 1.30 ya yi asarar minti 12.

4. Ware awoyin da ka yi a matsayin kyaftin, na mataimaki da na dare, da yawan sauka. Domin kafin ka ɗauki fasinja, sai ka yi tashi 3 da sauka 3 cikin kwana 90 da suka wuce.

5. Duk ƙarshen wata, fitar da kwafin PDF ka ajiye wuri biyu.