Yadda ake gyara menun danna-dama a Windows, da yadda za ka gane imel ɗin tsaro na bogi

Idan ka danna maɓallin dama na maus a kan fayil, jerin zaɓi yana fitowa, a ciki akwai wani wai shi Send to, na tura fayil kai tsaye zuwa wata folda ko manhaja. Mutane da yawa sun yi shekaru suna ganinsa ba su san ana iya ƙara masa abu ko a rage ba, alhali aikin bai fi na minti biyu ba, kuma yana rage wahalar nan ta buɗe folda cikin folda kullum don ajiye fayil guda.

Da farko danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai buɗe, ka rubuta shell:sendto ka danna Enter. Foldar da ta buɗe ita ce tushen menun, duk abin da ke cikinta shi kake gani a Send to.

Na biyu, nemo foldar da ka fi jefa abubuwa a ciki, misali ta aiki ko ta hotuna, ka jawo ta da maɓallin DAMA na maus zuwa cikin wannan foldar, idan ka saki sai ka zaɓi Create shortcuts here, wato a yi shotkot, ɗan fayil ɗin da ke kai ka ga ainihin foldar. A kula sosai a nan, in ka ja da na hagu foldar ce kanta za ta iya tashi gaba ɗaya ta koma can, sai ka zo kana nemanta ka rasa. Ba folda kawai ba, har manhaja irin Notepad ana saka shotkot ɗinta, daga nan kowane fayil za ka iya tura mata ta buɗe.

Na uku, zaɓi shotkot ɗin ka danna F2 ka canza masa suna yadda kake so, waɗanda ba ka amfani da su kamar Fax recipient ka goge su.

Masu Windows 11, Send to ya ɓuya a ƙarƙashin Show more options, ko ka danna Shift da F10 tsohon menun ya fito. Su kuma shotkot ɗin da ke fuskar kwamfuta, in kana so ka riƙa buɗe ɗaya da kibod, danna masa dama ka shiga Properties ka je Shortcut key ka danna harafi ɗaya, zai zama Ctrl + Alt + harafin, shikenan.

To tunda muna cikin Properties, dubi layin da aka rubuta Target, don Allah ka saba da duba shi. Shotkot ɗan aike ne kawai, inda aka nuna masa nan yake zuwa, kuma hoton da ke jikinsa kowa na iya canzawa. Da wannan ake cutar mutane, za ka ga alamar folda ko ta PDF, amma Target ɗin yana kiran cmd.exe ko powershell.exe, manhajojin da ake ba kwamfuta umarni da su, da wani dogon rubutu a bayansa. Bairos ɗin nan na filash da ke ɓoye foldojinka ya bar maka shotkot a madadinsu haka yake aiki.

Irin wannan yaudara ce ake yi ta imel, kuma ita ta fi ɓata min rai saboda mai son kare kwamfutarsa shi ake kamawa. A watan Satumba na 2003 wani bairos mai suna Swen ya bazu a duniya cikin saƙo mai tambarin Microsoft, da launinsu da komai, yana cewa ga gyaran tsaro nan an maƙala maka ka saka shi yanzu. Duk wanda ya buɗe ya kamu, har yana ƙoƙarin kashe antibairos ɗin kwamfutar, sannan ya tura kansa ga adireshin mutanen da ya tarar a ciki. Har yau salon bai canza ba, sunan kamfani kawai ake sauyawa.

Abin da za ka riƙe shi ne Microsoft ba ya aiko da ofdet, wato irin wannan gyaran, a maƙale da imel. Ta Windows Update yake zuwa cikin Settings, galibi ranar Talata ta biyu a kowane wata. In saƙo ya tsorata ka da cewa an kama bairos a na'urarka ko za a rufe maka akawun nan da awa 24, kar ka taɓa fayil ɗin, kar ka danna link, je Settings da kanka ka duba. Ka kuma leƙa ainihin adireshin mai aikowa, sunan da ya bayyana a sama ana iya rubuta komai a wurin.

Sai ka sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, don a ɓoye yake zuwa. Buɗe File Explorer, View, ka sa alama a File name extensions, a Windows 11 yana ƙarƙashin Show. Bairos ɗin ILOVEYOU na Mayun 2000 da wannan ɓoyon ya ci mutane, sunan fayil ɗin ya ƙare da .TXT.vbs amma su .TXT kawai suke gani. Duk abin da ya zo ta imel yana ƙarewa da .exe, .scr, .vbs, .js ko .bat, goge shi kawai.

In kuma ka riga ka buɗe, katse intanet nan take, shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi ta yi bincike kafin Windows ya gama buɗewa. Kalmomin sirrinka kuma ka canza su daga wata na'urar daban, ka fara da na imel, don ta nan ake sake saita duk sauran.