Yadda za ka gane ko pul ɗin da kake mainin (haƙar Bitcoin) a ciki yana cika maka mudu

Duk wanda ya sayi injin haƙar Bitcoin ya san injinsa shi kaɗai zai iya shafe shekaru bai samo bulok ko ɗaya ba, wato sabon shafin rajistar Bitcoin da ake ba wanda ya samo shi lada, shi ya sa ake haɗa ƙarfi a pul a raba abin da aka samu, tun daga Slush Pool da aka fara a 2010. To amma fa mai pul shi ke riƙe da mudun, shi ke awo, kuma kuɗin a hannunsa yake fara sauka. Don haka kai ma sai ka iya awo.

Fara da tambayar tsarin biyansu, kar ka tsaya kan kamishon da suka rubuta da manyan baƙaƙe. In PPS ne, ana biyanka kan kowane shiya (share, wato ɗan guntun aikin lissafi) da injinka ya tura ko pul ya samu bulok ko bai samu ba, amma daga ladan bulok kawai, wato Bitcoin 3.125 tun Afrilun 2024, kuɗin da masu tura kuɗi ke biya kuwa ya zama na mai pul. FPPS yana haɗa maka da wannan kuɗin. PPLNS kuma sai an samu bulok ake rabo, yau tuwo da nama gobe shiru, shi ya sa kamishonsa ya fi sauƙi. Wani zai ga kashi 1 ya ruga a guje, bai san mai kashi 2 ɗin da ke raba kuɗin tura kuɗi zai iya fin wancan amfani ba.

Sai awon hashret, wato saurin lissafin da injinka ke yi. Buɗe shafin injinka ka ga abin da yake nunawa, ka buɗe na pul ka duba matsakaicin awa 24, ba na minti goma ba don wannan hawa da sauka yake kamar farashin tumatir. In kullum na pul ɗin yana ƙasa sosai, duba shiyoyin da aka ƙi karɓa tukuna, sau da yawa laifin netwok ɗinka ne ko sabar da ka zaɓa ta yi nisa, kar ka yi saurin cewa an cuce ka. Amma in kana da inji biyu iri ɗaya, wallahi babu gwajin da ya kai ka raba su, ɗaya nan ɗaya can, ka bar su sati biyu ko wata guda sannan ka ƙirga satoshin da kowanne ya kawo, wato ƙananan canjin Bitcoin.

Shiga mempool.space ma, shafin da ke nuna bulok ɗin da ake samowa, ka ga bulok nawa pul ɗin ya samo, ka gwada da abin da suka rubuta a shafinsu, musamman in kana PPLNS.

Babban abu dai shi ne kar ka mayar da pul banki. A Satumbar 2022 Poolin, wanda yana cikin manya a lokacin, ya dakatar da cire kuɗi daga walet ɗinsa, daga baya ya raba wa mutane tokin na shaidar bashi maimakon kuɗinsu. Sa mafi ƙarancin adadin da suke yarda a fitar, kuɗi ya riƙa zuwa walet ɗin da makullinsa ke hannunka. Akwai ma pul irin su Ocean da aka buɗe a 2023, da ke biyan mutane kai tsaye daga cikin bulok ɗin.

Sannan girman pul ba abin burgewa ba ne kullum, a 2014 pul ɗin GHash.io ya kai wajen rabin ƙarfin netwok ɗin Bitcoin gaba ɗaya, hankalin kowa ya tashi don mai irin wannan ƙarfin zai iya yi wa tsarin maguɗi. Injinka yana da gurbin pul uku, ka cika na biyu da na uku da wasu daban tun yau, ranar da na farko ya fara kwana-kwana canzawa ba zai ɗauke ka minti biyar ba.