Kwalliyar sarauniyar ƙanƙara a dirama

Da farko wadda za ta fito a matsayin sarauniyar ta wanke fuska ta bushe sarai, kar ta shafa mai. Sai ki samo farin fentin fuska, ba na bango ba don Allah, ki ɗiga masa shuɗi kaɗan ki bi da soso har wuya da kunne, don in kika bar wuyan haka nan 'yan kallo za su ga kamar kan aro aka ɗora mata. Shuɗi mai duhu a ƙasan ido, janbaki ruwan toka. Hoda kam ki zuba sosai, zafin Gombe ga fitilun dandali, gumi ba ya jira. Ƙyalƙyali a saman kumatu, nesa da ido. In an tashi ki goge mata da man kwakwa da auduga.