Darasi Na Tara: Irin Da Ya Tsiro Da Cutar Da Ke Kwance Cikinsa

Baba, Inna, kafin a karanta darasin yau a ajiye littafin tukuna, a je inda aka ɓoye iri a ɗebo wake tafi ɗaya. Kar a zaɓi masu kyau fa, yadda hannu ya kamo shi haka za a bar shi, da mai huji da motsattse duka, don in ka tsince ka yaudari kanka ne. A ƙirga ƙwaya 100 daidai. A samo tsohon buhun algarara a jiƙa shi a matse, a jera waken layi 10, kowane layi ƙwaya 10 (kun ga lissafin da muka yi wancan watan ya dawo, goma sau goma), sai a naɗe buhun kamar tabarma a sa a inuwa inda kaji da ɓera ba sa kaiwa. Safe da yamma a yayyafa ruwa kaɗan, ba a jiƙa shi jagab ba, domin iri yana numfashi kamar ni da ku, in ruwa ya rufe shi ruɓewa zai yi.

Ran kwana 5 a leƙa, ran kwana 8 a yi ƙidayar ƙarshe. Gyaɗa ita sai an ba ta kwana 10. Wanda ya fid da saiwa da kai lafiyayyu shi ake ƙirgawa, wanda ya kumbura kawai ko ya yi fumfuna ba ya cikin lissafi. In 80 ko fiye suka fito toh shuka abinka. In tsakanin 60 da 80 ne a ƙara ƙwaya a kowane rami. In bai kai 60 ba ni dai shawarata a yi ƙosai da shi a nemi wani tun ruwa bai sauka ba, ya fi a yi shuka sau biyu.

Abu ɗaya game da gyaɗa, akwai mai yaɗo mai daɗewa a gona wadda in an cire ta sabuwa ba ta tsirowa nan take, barci take yi na wasu makonni, akwai wani sinadari cikin ƙwayar da ke riƙe ta sai ya ragu take farkawa. Kar a gwada ta washegarin girbi a ce ta mutu. A gwada dab da damina.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Shekarun baya na sayi irin wake a wata kasuwa, fari tas manya-manya, na yi wannan gwaji casa'in da wani abu suka tsiro, na ce shikenan bana sai dai a ara mini buhu. Sati uku bayan shuka sai na ga wasu gindi nan da can ganyensu ya yi dabbare-dabbare, kore mai duhu da kore mai haske kamar atamfar da ta koɗe, ganyen ya tattare yana ƙuraje, kuma ba su girma kamar 'yan uwansu. Na ce ƙila yunwar taki ce, na zuba taki, a banza. Kafin fure ya fito abin ya bi gonar. Ashe buhun algarara tsirowa kawai yake gaya maka, ba ya gaya maka ko irin na ɗauke da cuta.

Wannan cutar sunanta birus. Ba tsutsa ba ce ba fumfuna ba, ƙanƙantarta ta wuce madubin da ake duba jini da shi a asibiti. A 1892 wani Barashe, Ibanofski, ya matse ruwan ganyen taba mai ciwo ya tace shi da matacin da ke tare ƙwayoyin cuta da aka sani a lokacin, ya shafa wa lafiyayyar taba, ta kamu. A 1898 Bayerink mutumin Holan ya maimaita gwajin, shi ya kira abin birus.

Ku da kuke koyon baƙi da wasali za ku fi kowa gane wannan. Cikin jikin kowace shuka akwai rubutu, shi ke cewa ganye ya zama kaza, ƙwaya ta fito fara ko ja, ana ce masa DNA, kuma haruffansa huɗu ne kacal, A da T da G da C, ana ta jujjuya su. Rubutun wake ya fi harafi miliyan 600, a 2019 aka fitar da karatunsa. Birus kuwa ɗan guntun rubutu ne cikin kwanso, na dabbare-dabbaren wake wajen harafi 10,000 ne kawai, amma da ya shiga sai ya sa shukar ta bar nata aikin tana ta kwafe shi, kamar mai rubuta wasiƙa da aka tsare da wasiƙar mutum ɗaya. In uwar shukar ta kamu da wuri, yakan shige har cikin ɗan tsiron da ke kwance tsakanin ɓari biyu na ƙwayar wake. Shi ya sa wanki ba ya fid da shi, shanya a rana ba ta kashe shi, jan garin maganin da ake cuɗa iri da shi ma ba ya kai masa. Ba duka 'ya'yanta ke ɗauka ba, amma kaɗan ɗin sun isa, tunda darɓa, wasu na ce mata kwarkwatar ganye, tana tsotsar mai ciwo ta koma kan mai lafiya, cikin 'yan daƙiƙu ta dasa masa, kafin feshi ya kashe ta aikin gama ya gama.

A ɗakin gwaji masu bincike sukan niƙa ganye ko iri su nemi rubutun birus ɗin da injin da ke kwafe shi ninki ba ninki har ya bayyana, PCR ake ce masa, shi ne dai wanda aka yi ta ji lokacin korona a 2020. Da irin wannan karatu kuma ake gano wace shuka ce ke da gadon jure cuta a haɗa ta aure da mai yawan 'ya'ya. Ibadan akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, tun 1967 suna aikin wake sosai, nan gida Kamaru kuma hukumar binciken noma ta ƙasa, IRAD, na da cibiya a Marwa da Garwa, can ya kamata a tambayi iri mai asali.

Kuturtar gyaɗa tata hanyar daban ce, kuma nan mutane ke ruɗewa. Ita ma birus ce, darɓa ke kawo ta, a 1975 ta cinye wajen hekta 700,000 a arewacin Najeriya, amma ba ta bin iri. Maganinta shuka da ruwan farko kuma kusa-kusa, don darɓa ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin gindi da gindi, sannan gyauron gyaɗa da ke fitowa da rani a bakin fadama a tumɓuke shi.

Wake kuwa daga sati biyu bayan tsirowa a riƙa zagaya gona da sassafe, duk gindin da ya yi dabbare a cire shi da saiwarsa a fitar a binne, kar a ji tausayinsa. Masu lafiya da ke nesa da inda cutar ta ɓulla a ɗaura musu tsumma, a tsince su daban, su ne irin baɗi. In sun bushe ƙarau a zuba a buhun nan mai riɓi uku, PICS, wanda tushen aikinsa a Marwa aka yi tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Ƙwaron wake yake kashewa ta hanyar hana shi iska, birus kam yadda ka zuba shi haka za ka ɗebo shi.

Aikin gida: kowa ya rubuta a littafinsa ranar da ya naɗe buhu da adadin da ya tsiro ran kwana 5 da ran kwana 8. Sannan a amsa wannan, in ƙwaya 73 suka tsiro cikin 100, nawa suka ƙi? Wanda ke da waken lambu a bakin kogin Binuwai, in ya ga ganye mai dabbare ya tsinko ɗaya a leda ya kawo aji mu duba tare.