Yadda Ake Koyon Sarrafa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Waya

Wannan jirgi ana tuƙa shi ne da siraran wayoyin ƙarfe guda biyu waɗanda suka taso daga mariƙin da ke hannun matuƙi zuwa fiffike, shi kuwa matuƙin yana tsaye a tsakiya yana juyawa tare da jirgin. Idan ya ɗaga hannu, jelar jirgin ta motsa ya yi sama. Idan ya sauke, ya yi ƙasa.

Da farko ka nemi fili shimfiɗaɗɗe, nesa da wayoyin lantarki, domin wayar ƙarfe tana ɗaukar wuta. A Kaduna sassafe ya fi, musamman lokacin hunturu, kafin iska ta taso. Ka warware wayoyin a ƙasa, ka bi su da yatsa kana neman lanƙwasa, sannan ka ja su da ƙarfi ka tabbatar ƙullin bai saki ba. Na taɓa raina wannan mataki, sai ga jirgina na itacen balsa ya dagargaje a gabana.

Kada ka yi gaggawar wulƙitawa. Ka fara ƙwarewa a tafiya miƙaƙƙiya, kimanin mita 1.5 daga ƙasa, kana motsa hannu gaba ɗaya daga kafaɗa. Duk wata dabara ka yi ta iska na bayanka, saboda wayoyin su kasance a miƙe.

A gasar duniya, rukunin F2B (na wulƙitawa da jirgi mai waya) na FAI, hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, tsawon waya ba ya wuce mita 21.5, kuma cikin minti 7 alƙalai suke duba da'ira, tafiya a kife, siffar murabba'i da ta lamba takwas.