Darasi na Tara: Farantin Ɗab'i da Yadda Ake Shirya Shi

Katin ɗaurin aure, da kalandar da ke rataye a shago, da fostocin da suka cika bangaye daga Taminus har titin Bauchi a nan Jos, yawancinsu ta kan wani fallen ƙarfe suka biyo kafin su hau takarda. Fallen alminiyam ne, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, da hannu ma ana lanƙwasa shi. Masu sana'ar suna ce masa filet, mu a nan za mu riƙa cewa faranti. Duk wanda zai kai aiki maɗaba'a, ko zai sa ɗansa koyon sana'ar, ya kamata ya san shi, domin abin da ya hau faranti shi inji zai yi ta maimaitawa, daidai ne ko kuskure.

Idan kuka shafa farantin da aka gama shiryawa, sumul za ku ji shi. Rubutun bai yi tudu ba kamar na hatimi, bai kuma yi rami ba. To ta yaya tawada take hawa kan rubutu kaɗai ta bar sauran wurin fari? Amsar kowa ya san ta tun daga kicin: ruwa da mai ba sa haɗuwa. Tawadar ɗab'i mai maiƙo ce. Ana shirya farantin ta yadda wurin rubutu zai kama maiƙo, sauran wurin kuma ya riƙe ruwa. Inji yana fara jiƙa farantin, sannan ya bi shi da tawada. Inda ruwa ya zauna tawada ba ta zama.

Malami ya sa a gwada wannan a aji. A samo murfin tukunyar alminiyam, a goge bayansa da toka har ya fita tas, a ɗauraye, a bari ya bushe. Ɗalibi ɗaya ya rubuta sunansa a kai da kyandir, ya danna sosai. Sai a shafe murfin da jiƙaƙƙen tsumma. Ku duba da kyau: ruwan zai kwanta ko'ina, amma a kan haruffan zai tattare ya zama 'yan ɗigo ya gudu. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fahimci tushen sana'ar.

Daga dutse zuwa ƙarfe

Wanda ya gano dabarar sunansa Alois Senefelder, mazaunin birnin Munich a ƙasar Jamus. Marubucin wasan kwaikwayo ne da kuɗin ɗab'i ya gagare shi, yana neman hanya mai sauƙi ta buga rubutunsa da kansa. A shekarar 1796 mahaifiyarsa ta ce ya rubuta mata lissafin kayan wanki. Ba takarda a kusa, sai ya rubuta a kan wani dutse mai santsi da yake gwaji da shi, da tawadar da ya haɗa daga kaki da sabulu da baƙin hayaƙin fitila. Da farko ruwan asid ya zuba don ya cinye gefen rubutun. Zuwa 1798 ya gane cewa ba sai an sassaƙa komai ba, ruwa da maiƙo sun isa. Dutsen farar ƙasa ne da ake haƙowa a Solnhofen, kuma a 1818 ya wallafa littafi ya bayyana wa duniya yadda ake yi.

Akwai abu ɗaya a cikin haɗinsa da ya kamata mu 'yan Arewa mu yi alfahari da shi, wato ƙaro. Ƙaron nan dai da almajirai ke zubawa a tawadar allo, wanda ake tarawa a Borno da Yobe da Jigawa. Shi ake shafa wa dutsen don wurin da ba rubutu ya riƙa son ruwa yana ƙin maiƙo. Fiye da shekara 200 ke nan, har yau ana shafa wa faranti ƙaro ko wani haɗin da ke yin aikinsa.

Dutse yana da nauyi, yana fashewa, ba ya kuma naɗuwa a jikin gangar inji. Shi ya sa aka koma fallen tutiya, daga baya alminiyam. Wata wahalar kuma, a kan dutse dole a yi rubutu a juye, domin takarda kai tsaye take taɓa shi. A 1875 wani Bature a Ingila, Robert Barclay, ya yi injin buga rubutu a jikin fallen gwangwani, wato ƙarfen da ake shafa wa kuza irin wadda aka san Jos da ita. A injinsa tawada tana fara sauka a kan wata ganga, ita kuma ta miƙa wa ƙarfen. Wajen 1904 Ira Rubel a Amurka ya lura cewa idan tawada ta bi ta kan roba kafin takarda, bugun ya fi fitowa tsaf. Daga nan aka samu tsarin da injinan garin nan ke bi: faranti ya ba bargon roba, bargon ya ba takarda. Amfanin wannan gare ku masu koyon karatu babba ne. Tun da sau biyu hoton ke juyawa, rubutun kan faranti a miƙe yake, kuna iya karanta shi kamar shafin littafi.

Wannan hanyar ce kuma ta ba littattafan Larabci da na ajami damar yaɗuwa a kasuwanninmu da rubutun hannun masu kwafi, ba tare da an jera haruffan ƙarfe ba. An ɗauki hoton shafin da malami ya rubuta, an ɗora a faranti, an buga.

Yadda ake ƙona faranti

Farantin yana zuwa daga kamfani a shirye. An karce fuskarsa da ƙananan ramuka da ido ba ya gani don su riƙe ruwa, an ƙarfafa ta da lantarki, an kuma shafe ta da sinadari mai launin kore ko shuɗi wanda haske ke canzawa. Tun shekarun 1950 ake sayar da shi haka. Kafin nan kowace maɗaba'a da kanta take shafa sinadarin. Saboda haske yana ɓata shi, ba a buɗe kwalinsa a rana ko kusa da taga.

A tsohuwar hanya, wadda har yanzu wasu shaguna ke bi, ana fitar da aikin a kan fim, wato siririyar leda da haske ke ratsawa. A shimfiɗa farantin a cikin akwatin gilashi, a ɗora fim ɗin a kai, a rufe, a kunna abin zuƙe iska har fim ya manne wa faranti ba sarari. A nan ne gaggawa ke jawo asara. Ga yadda wani maigidan shago ya tsayar da yaronsa wata safiya ta hunturu:

"Dakata, kar ka rufe. Ka goge gilashin?"

"Na goge jiya da yamma, Maigida."

"Jiya daban, yau daban. Sa yatsanka a gefe ka gani."

Yaron ya shafa, yatsan ya fito da jar ƙura. Ya ɗauko auduga ya bi gilashin ciki da waje, ya bi fim ɗin ma, sannan aka rufe. Ƙwayar ƙura ɗaya tana tare haske, ta bar ɗigo a faranti, ɗigon kuma ya fito a kowace takarda.

Sai a kunna fitila mai ƙarfi na ɗan lokacin da aka auna. Kada a kalli wannan haske, yana cutar da ido. A irin farantin da aka fi amfani da shi da fim mai baƙin rubutu, inda haske ya taɓa sinadarin yana yin rauni, inda rubutu ya kāre kuma yana nan daram. Idan hasken ya yi kaɗan, datti zai rage a fili, takarda ta fito da dishi-dishi. Idan ya yi yawa, siraran layuka da ƙananan haruffa su zube. Daga nan a wanke farantin da ruwan sinadari, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shafa ƙaro siriri ko'ina, a bari ya bushe. Ruwan wankin yana cin fata, don haka a sa safar hannu, kada kuma a tuttular da shi inda yara ko dabbobi ke bi. A sanyin Jos yana yin nawa wajen aiki, sai a kula kada a ciro farantin bai wanku ba. Riƙonsa kuwa ta gefe ne kawai, domin maiƙon yatsa ma tawada yake kamawa.

Sabuwar hanya ta bazu tun tsakiyar shekarun 1990. Ba fim. Kwamfuta ce ke tura aikin ga na'ura, hasken leza ya rubuta shi a faranti cikin 'yan mintuna. Ana kiranta CTP. Ta fi tsabta da sauri, amma duk kuskuren da ke cikin kwamfutar haka za ta kwafe shi.

Kafin ku ce a ƙona

Wannan sashe shi ya fi shafar aljihunku. Kowane launi farantinsa daban. Takardar rasit mai baƙin rubutu faranti ɗaya take ci. Hoto mai launi yana cin 4: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Idan suna ɗaya ya ɓaci a cikin rubutu mai launi, ana iya sake dukkan huɗun. Akwai alƙalamin goge abin da ba a so daga faranti, amma ƙara abin da aka manta da wuya ya yi kyau.

Saboda haka ku nemi a fitar muku da aikin a farar takarda tukuna. Ku zauna, ku karanta da ƙarfi, kuna bin kowace kalma da yatsa. Ku duba sunaye, ranar taro, lambar waya. Ku duba haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu salon rubutun kwamfuta ba su da su, sai su mayar da ƙafa kafa, ko su bar ɗan akwati a gurbin harafin. Abin takaici ne a ga katin gayyata na Hausa an cire wa kalmomi lanƙwasarsu, alhali gyaran minti biyu ne kafin faranti. Kada ku ji nauyin cewa a gyara don kun fara karatu da girma. Aikinku ne, kuɗinku ne. Idan kun gamsu, ku sa hannu a takardar, ku riƙe kwafi ɗaya.

Kuɗin faranti ba ya canzawa ko kwafi nawa za a buga. A ce, don misali, kowane ɗaya naira 2,000 ne. Huɗu sun kama 8,000. Idan kwafi 100 za a buga, kowane kwafi ya ɗauki naira 80 na faranti kaɗai. Idan 4,000 ne, naira 2. Mai ƙaramin aiki gara ya tambayi farashin injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Mai aikin da za a sake bugawa, kamar rasit ko fom ɗin makaranta, ya ce a wanke masa farantin, a shafa ƙaro, a adana shi inda ba laima.

Aikin gida: da farashin misalin nan, ku lissafa kuɗin faranti a kan kowane kwafi idan za a buga kalanda 500 mai launi huɗu. Kowa kuma ya zo da tsohuwar kalanda ko fosta darasi mai zuwa. Malami zai kawo gilashin ƙara girma, mu nemo ɗigon launukan nan huɗu a cikin hoton.