Girkin Italiya ya ce a zuba farar giya, ga inda mutanenmu ke kuskure wajen musanya ta

Duk mai bin girke-girken Italiya a YouTube ya san wurin nan da mai girkin zai ɗauko kwalba ya tsiyaya rabin kofi a kasko, hayaƙi ya tashi fuu. Risotto ne (shinkafar nan tasu mai kauri da ake dafawa da romo) ko taliyar jatan lande ko spaghetti alle vongole (taliya da wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo) na mutanen Napoli, kusan duka sai an zuba. Mu da ba ma sha sai mu nemi abin da zai maye gurbi, to a nan ake yin ɓarna.

Babban kuskuren shi ne a ɗauko jus ɗin inabi na kwali a zuba, wai ai duk inabi ne. Ina! Giyar da suke girki da ita irin su Pinot Grigio da Soave na yankin Veneto, ko Verdicchio na Marche, ko Vermentino na tsibirin Sardiniya, babu zaƙi a cikinsu, sikarin inabin ya riga ya ƙare wajen tsimawa. Masu sha suna kwatanta ɗanɗanonsu da lemon tsami da koren tuffa, wasu da ɗan ɗaci-ɗacin almon a ƙarshe, shi ya sa ma suke haɗa su da kifi da abincin teku da kaza marar nauyi. Ke nan abin da girkin yake nema tsami ne wanda zai yanke maiƙon bota da man zaitun. Kika zuba jus mai sikari, yana ƙonewa zaƙin yana ƙaruwa, ƙarshe shinkafarki ta fito kamar an dafa ta da alewa.

Gyaran ba wuya. Romon kaza ko na kifi rabin kofi, da cokali ɗaya na ruwan lemon tsami, shi ke nan. In babu lemo a sa farin khal amma rabin cokali kawai kuma a sirka da ruwa, don khal yana da kaifi, in ya yi yawa sai ya danne komai har tafarnuwar ba za ki ji ta ba. Su kansu mutanen Toskana suna da agresto, wanda ake yi da ɗanyen inabin da bai nuna ba, tsami ne zalla.

Sai lokacin zubawa. Da yawa suna matse lemon tun farko ya yi ta tafasa minti 18 tare da shinkafar, ƙamshin ya gudu. Bayan kin soya albasa kin ɗan gasa shinkafar Arborio a cikin mai (kar a wanke ta fa, sitacin nan shi ke sa ta yi kauri), romo mai zafi za ki dinga zubawa ludayi-ludayi, lemon kuma sai kin sauke, ki ɗanɗana ki ƙara. In akwai madara ko kirim a miyar a yi hankali, tsami kan wuta mai ƙarfi yana tsinka ta.

Akwai kuma masu cewa a zuba giyar kawai ai wuta na ƙone barasar. Ba duka take ƙonewa ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana tafasawa kusan kashi 40 cikin ɗari na nan, ko bayan awa biyu da rabi akwai ragowar kashi 5. Haka kwalaben da ake rubuta an cire musu barasa, dokar Tarayyar Turai ta yarda barasar da ta rage a ciki ta kai kashi 0.5 cikin ɗari, don haka a duba lambar da ke jiki sosai kafin a saya.

Wanda kuma ya fi ba ni haushi, a gama taliyar kifi mai kyau a zo a barbaɗa mata cukun Parmigiano tuli guda. 'Yan Italiya galibi ba sa haɗa cuku da abincin teku, faski yankakke da ɗigon man zaitun ɗanye sun isa.